Abubakar Imam (1911–1981): Akun da Ya Zama Waziri

An haifi Alhaji Abubakar Imam a 1911 a Kagara, maƙwabciyar ƙasar Birnin Gwari. Bayan Kwalejin Katsina da Ruwan Bagaja, ya rubuta Magana Jari Ce a Zariya domin 'yan makaranta. A cikinsa waziri ya ci amanar Sarki Abdurrahman, aku kuwa ya tsare Musa da hikayoyi har ya sami wazirci. Ana iya ɗaukar akun a matsayin ɗan boko a fada, mai gyara sarauta da lafazi ba tare da rushe ta ba. Rayuwarsa ta ƙarfafa wannan fassara: ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, a 1943 kuma ya kai wa Lugga koken gyaran mulkin En'e a Ingila. Ya rasu a Zariya a 1981.