David Tyrrell, likitan da ya shafe shekara 33 yana bin sawun mura

Tun da hunturu ya kama, gida kaɗan ne ba a jin tari da atishawa. Shi ya sa yau muka ɗauko tarihin wani likita ɗan Ingila, David Tyrrell, wanda ya ƙarar da ƙarfinsa a kan mura, ciwon da kowa ya raina.

An haife shi a 1925. Ya gama karatun likita a jami'ar Sheffield a 1948, ya je Amurka ya yi shekara uku yana bincike a cibiyar Rockefeller. A 1957 ya kama aiki a cibiyar binciken mura da ke kusa da garin Salisbury, wani tsohon asibitin lokacin yaƙin duniya na biyu da aka mayar wurin bincike a 1946.

Aikin wurin da ban mamaki yake. Mutane masu lafiya ke zuwa don raɗin kansu, a ba su masauki da abinci na kwana goma, a ɗiga musu ruwa mai ƙwayar mura a hanci, sai likitoci su zuba ido, har da ƙirga ƙyallayen da kowa ya fyace majina. Kusan mutum 20,000 suka yi wannan zama kafin a rufe cibiyar.

Lokacin da Tyrrell ya zo, an san mura na yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, amma rainon ƙwayarta a ɗakin gwaji ya yi wuya. Ana ajiye ta ne a zafin jikin mutum, digiri 37. Shi da abokan aikinsa suka yi la'akari da cewa cikin hanci ya fi sauran jiki sanyi, suka sauke zafin zuwa 33. A 1960 ƙwayar ta hayayyafa. Daga nan aka gano ba iri ɗaya ba ce: dangin da ake kira rinobirus kaɗai sun haura ɗari. Ga dalilin da ya sa mutum ke warkewa ya sake kamuwa, kuma har yau babu allurar rigakafin mura guda da ta gama da su duka.

Sai kuma majinar wani ɗan makarantar kwana, wadda aka sa wa lamba B814. Tana sa mutane mura, amma ta ƙi girma ta hanyar da aka saba. A 1965 Tyrrell ya bayyana cewa ya raine ta a cikin gutsuren naman maƙogwaro. Ya aika wa June Almeida, wata ƙwararriya a Landan, ta duba da na'urar da ke nuna abin da ido ba ya gani. Ta ga ƙwayar kewaye da ƴan tsinkaye kamar kambin sarauta. A 1968 su biyun da wasu masana suka raɗa wa dangin suna korona, wato kambi da Latin. Da cutar korona ta shigo Nijar a watan Maris na 2020, sabuwar ƙwaya ce, amma danginta sun haura shekara hamsin da samun suna.

Maganin mura dai bai samu ba. An gwada fesa wani sinadari mai suna intaferon a hanci, ya rage kamuwa, amma yana ƙona hancin har ya yi jini. Wani binciken da ya yi da wani masani ɗan Amurka, Sheldon Cohen, wanda ya fito a 1991, ya nuna mai yawan damuwa ya fi saurin kamuwa. An rufe cibiyar a 1990. Tyrrell ya rasu a watan Mayu na 2005, yana da shekara 79.

Ga abin da ya shafe mu a nan. Mura aikin birus ne, su kuwa kafso na antibiyotik da ake tallarsu a tire ranar kasuwa, bakteriya suke kashewa, ba su taɓa birus. Wanda ya sha su don mura ya yi asarar kuɗinsa, ya kuma koya wa bakteriya jure magani, ranar da ake bukatarsa da gaske ya ƙi ci. Mura takan wuce da kanta cikin mako guda ko kwana goma, da hutu da shan ruwa. Amma in yaro na numfashi da sauri, ko ƙirjinsa na lotsawa, ko ya kasa shan nono, wannan ya wuce mura. A kai shi likita a ranar, kada a jira gobe.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya fisshe mu hunturun bana lafiya.