Malam Muhammadu Bakatsine, Gwanin Hisabi

Cikin malaman da ƙasar Katsina ta haifa, kaɗan ne sunansu ya yi nisa kamar Malam Muhammadu ɗan Muhammadu, wanda Larabawa ke kira Alfulani Alkashnawi, watau Bafillace Bakatsine. Ya fara karatu a ƙasarsu, sa'an nan ya bi malamai, har ya ɗauki ilmi wurin Shaihu Muhammadu Alwali na Bagarmi. Wurin Shaihu Muhammadu Bindu kuwa ya koyi hisabi, da sanin lokatai, da ilmin aufaƙi, wanda mu muka fi sani da sunan hatimi.

Ya yi aikin hajji wajen shekarar 1730, daga baya ya zauna Alƙahira ta Masar. Cikin 1732 ya wallafa Bahjatul Afaƙ a kan aufaƙi. Yana da wani littafin kuma, Durrul Manzum, kan taurari da ɗalasimai, ban da abin da ya rubuta na nahawu da manɗiƙi.

Ga misalin lissafin da ke ƙarƙashin wannan ilmi. A zana gida tara, uku uku. A sahun sama a sa 4, 9, 2. A na tsakiya 3, 5, 7. A na ƙasa 8, 1, 6. Ko ta ina aka tara, a tsaye, ko a kwance, ko a karkace, 15 za a samu. To, in ana so kowane sahu ya ba da 30, da wane adadi za a fara maimakon 1? Adadin farawa sau uku, a ƙara 12, shi ne jimlar sahu. Saboda haka sai a ɗebe 12 daga 30, saura 18, a raba uku, a sami 6. Daga 6 za a jera har 14.

In 40 ake so fa? An ɗebe 12, saura 28. An raba uku, ya zama 9 da sulusi. Sahun sama sai ya zama 12 da sulusi, 17 da sulusi, 10 da sulusi. Mai shakka ya ɗebe biyun farko daga 40, ya gani ko na ukun bai rage ba. Wannan ai shi ne neman adadin da ya ɓuya, wanda mu ke yi a darasin aljabara.

Malam Muhammadu ya rasu a Alƙahira cikin 1741, a gidan Shaihu Hasan Aljabarti, wanda ya karanta aufaƙi wurinsa, shi kuma ya bar wa littattafansa. Ɗan Shaihun, Abdurrahman, shi ya sa labarinsa cikin babban littafinsa na tarihin Masar.

Ya ku 'yan'uwana, gobe za a rarraba mu makarantu, wani Funtua, wani Malumfashi, wani Dandume. Can za mu tarar da iyayen da ke ganin lissafi kayan baƙi ne, suna hana 'ya'yansu zuwa. Sai mu ba su labarin nan cikin ladabi, mu tuna musu sulusi da sumuni da alƙali ke rabon gado da su. Ilmin da ɗan ƙasarsu ya koyar a Masar bai kamata ya zama baƙo ga jikokinsu ba. Allah ya jiƙan Malam, amin.