Emma Turner, Matar Da Ta Gano Tsuntsun Da Aka Fid Da Rai Da Shi

 Yau za mu leƙa can ƙasar Ingila, mu ji labarin wata baiwar Allah wadda ta kwashe rabin rayuwarta cikin taɓo da sanyi tana kallon tsuntsaye. Na san wata uwargida za ta yi dariya ta ce, kallon tsuntsu kuma har ya zama aiki? To, a biyo ni a hankali.

Sunanta Emma Turner. An haife ta a 1867 a wani ƙauye da ake kira Langton Green cikin lardin Kent, kudu da Landan. Mahaifinta ɗan tireda ne, ita ce kuma autarsu. Mahaifiyarta ta rasu tun tana yarinya. Ba ta yi aure ba, ba ta kuma shiga jami'a ba. Ita ce ta riƙa kula da tsohonta har ya rasu a 1913. Sai da ta kai shekara 33, wato a 1900, sa'an nan ta haɗu da wani shahararren mai ɗaukar hoton namun daji, Richard Kearton, shi ne ya sa mata sha'awar ɗaukar hoton tsuntsaye.

Kada 'yan matanmu 'yan makaranta su ɗauka kyamarar wancan zamani irin ta yau ce. Ƙaton akwati ne mai ƙafafu uku, ga nauyi, hoton kuwa a kan faifan gilashi yake fita. In an ɗauki ɗaya sai an zare gilashin an sa wani. Ba ta da ƙarfin jawo abin da ke nesa sosai, don haka dole mai ɗauka ya matso dab da tsuntsun, shi kuwa tsuntsu ba ya jiran kowa.

A gabashin Ingila, kusa da bakin teku, akwai wani lardi mai suna Norfolk. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, mai tafkuna da fadamu, ko'ina kyauro ya fi mutum tsawo. Nan Emma ta zaɓa. Ta sa aka ƙera mata jirgin ruwa mai ɗaki, ta ɗaure shi a gefen wani ɗan tsibiri cikin tafkin Hickling, ta kafa bukka inda take wanke hotuna. Har yanzu da sunanta ake kiran tsibirin. Wajen shekara ashirin da biyar tana komawa can kowace shekara ta yi watanni, har sau biyu ta yi hunturu sukutum a wurin.

Dabararta ta ɗaukar hoto ita ce ta fi ba ni mamaki. Wani mutumin fadamar mai suna Alfred Nudd shi ke taimakonta. Sai ta kwanta kusa da sheƙar tsuntsu, shi kuma ya lulluɓe ta da ruɓaɓɓiyar ciyawa har ba a ganin kome sai bakin kyamara, ya yi tafiyarsa. Haka za ta kwanta sa'o'i, ba motsi, ba tari, ƙwari na cizo, jiƙaƙƙiyar ƙasa na tsotse mata ɗumin jiki. Wani lokaci tsuntsayen har a kanta suke sauka, don sun ɗauka tsibin shara ce. Duk wadda ta taɓa zaman jiran yaro mai zazzaɓi ya yi barci, tana tsoron ko numfashinta ya tashe shi, ta san ɗan wani abu daga irin wannan haƙuri.

To, ga tsuntsun da ya fito da sunanta. Turawa na kiransa bitan, ɗan'uwan zalɓe ne, amma gajere, kakkaura, launinsa ruwan ƙasa mai zane-zane kamar busasshen kyauro. In ya ji motsi sai ya miƙe wuya ya ɗaga baki sama ya tsaya cik, ka wuce ta gabansa ba ka gan shi ba. An fi jinsa da gani. Daga ƙarshen hunturu, wajen watan Fabrairu, sa'ad da ruwa bai gama sakin ƙanƙara ba, namijin ke fara kuka don kiran mace. Kukan kamar mutum ya hura bakin babbar kwalba ne, kuma cikin dare shiru yakan kai mil uku.

Wannan kuka ya ɗauke a Ingila. An janye ruwan fadamu an mai da su gonaki, maharba sun yi ta kashe shi, ga kuma masu tara ƙwai da masu cushe fatar tsuntsu su ajiye a akwatin gilashi don ado. Abin haushi, da zarar tsuntsu ya yi wuyar samu sai farashinsa ya hau, a ƙara bin sa. Daga 1886 ba a sake tabbatar da bitan ya yi ƙwai a ƙasar ba. Akan ga ɗai-ɗai da suka ƙetaro teku da hunturu, amma su koma, ko a harbe su.

A 1911 aka ji kukan a fadamar Sutton, ba nisa da Hickling. Jin kuka kuwa ba shaida ba ne, masana sai sun gani da ido. A watan Yuli Emma da wani mai gadin daji, Jim Vincent, suka kutsa cikin kyauro, suna tafe cikin ruwa da laka, suna bin inda suka ga uwar tana sauka. Sai da yamma ta yi liƙis suka yi kiciɓis da ɗan tsuntsun, bai ko iya tashi ba tukuna. Haske ya riga ya tafi, ba halin hoto. Suka ɗauke shi suka kai shi tudu ya kwana a tsare, da asuba suka mai da shi, ta ɗauki hotonsa yana tsaye da baki sama. Wannan hoto shi ne shaidar farko, bayan shekara 25, cewa bitan ya dawo gida. Ƙungiyar masu ɗaukar hoto ta Ingila ta ba ta lambar zinariya a kansa.

Tun kafin wannan ma an san da zamanta. A ƙarshen 1904 tana cikin mata na farko da tsohuwar ƙungiyar masana halittu ta Linnean ta karɓa, a 1909 kuma ƙungiyar masana tsuntsaye ta Biritaniya ta yi mata irin wannan karramawa.

Wata za ta ce ai sai ta huta haka nan. Ina! A 1923 aka sayi wani tsibiri mai suna Scolt Head a gaɓar tekun arewacin Norfolk don a kare tsuntsayen da ke ƙwai a kansa. Waɗannan wasu fararen tsuntsayen teku ne masu baƙar hula da wutsiya mai reshe biyu, ba sa gina sheƙa a itace, a kan rairayi kawai suke zuba ƙwansu, kowa ya zo sai ya tsince. Ana neman mai gadi. Emma, tana wajen shekara 57, ta ce ita za ta je. A 1924 ta tare a wata bukka bisa tudun rairayi, ruwan sama take tarawa ta sha, abinci kuwa sai an ƙetaro da shi a kwalekwale in teku ta yarda. Ta yi wata goma sha takwas. Da bazara tana sintiri tana korar ɓarayin ƙwai, tana nuna wa 'yan yawon buɗe ido inda za su taka. Da hunturu kuwa, ga iskar arewa, sai ta zauna da madubin hangen nesa tana ƙirga agwagi da dinyar daji da baƙin tsuntsayen da sanyi ya koro, tana rubuta ranar zuwan kowane da ranar tafiyarsa. Jaridu suka dinga kiranta matar da ta fi kowa kaɗaici a Ingila, abin da ya ɓata mata rai, don ita ba ta ga wani kaɗaici ba.

A nan ne labarin ya taɓo mu. Fararen tsuntsayen nan da ta tsare ba sa yin hunturu a Ingila. Gaɓar tekun Afirka ta Yamma suke zuwa, an kuwa gane haka ne ta wurin ƙananan zobba da ake sa musu a ƙafa, aikin da Emma tana cikin waɗanda suka fara shi a 1909. 'Yan'uwanmu mazauna Ankara da Ikko, in kun je bakin teku lokacin sanyi kun ga farin tsuntsu yana faɗawa ruwa daga sama yana cafko kifi, mai yiwuwa daga can ya taso.

Ta rubuta littattafai da dama. Akwai Broadland Birds a 1924, da na zamanta a Scolt Head a 1928. A 1935 ta fitar da wani domin mazauna unguwannin gari, tana koya musu yadda ɗan lambun bayan gida zai zama mafakar tsuntsaye.

A Kambirij ta ƙare zamanta, tana noman furanni. Yanar ido ta kama ta, aka yi mata aiki bai yi kyau ba, ta yi shekara biyun ƙarshe ba ta gani. Ta rasu ran 13 ga Agusta, 1940.

Bitan kuwa ya sake shiga wani hali bayanta. A 1997 maza 11 kaɗai aka ji suna kuka a duk faɗin Biritaniya. Aka tashi aka gyara fadamun kyauro, aka haƙa sababbi, a 2021 aka ƙirga sama da 200. Da yake ganinsa na da wuya, da kunne ake ƙidayar. Masu aikin sukan fito da asubar fari cikin sanyi, su tsaya bakin fadama, kowa da takardarsa, suna saurare.