Mary Lou Williams, Makaɗiyar Da Ta Zama Malamar Jami'a

Masu karatu da suka taɓa jin kiɗan nan na baƙar fatar Amurka da ake kira jaz sun san yawanci sunayen maza ake ambata a cikinsa. To, yau ga labarin wata mace da mazan nan suka riƙa zuwa gidanta ɗaukar darasi.

An haifi Mary Lou Williams ran 8 ga watan Mayu, 1910, a birnin Atlanta, amma a Pittsburgh ta girma. Gidansu talakawa ne, ga 'ya'ya da yawa. Tun tana 'yar shekara shida ko bakwai ta fara kaɗa piyano a wurin bukukuwa, abin da ta samo ta kawo gida a yi cefane. Maƙwabtansu Turawa da suka riƙa jifar gidansu ba su daina ba sai da ta shiga gidajensu ta yi musu kiɗa.

Tana budurwa ta shiga yawo da masu wasa gari-gari, har ta auri wani mai busa, John Williams. Da mijin ya sami aiki a ƙungiyar makaɗa ta Andy Kirk, sai ta bi shi a matsayin matar aure kawai, ba a ba ta kujera ba. A 1929, a Kansas City, ranar da za a ɗauki kiɗansu a faifai mai piyanon ƙungiyar bai zo ba, aka ce ta zauna ta maye. Shi ke nan, mutumin kamfanin faifan ya nace lallai ita yake so. Ta zauna da su har 1942, tana kaɗawa tana kuma tsara musu kiɗa, yau nan gobe can, kwana a mota, ga otal-otal da yawa ba su saukar da baƙar fata. A wannan wahala ne sunanta ya fito, har manya irin su Benny Goodman da Duke Ellington suka nemi ta tsara musu.

Da ta koma New York, ɗakinta na unguwar Harlem ya zama kamar zauren malami. Thelonious Monk da Bud Powell da Dizzy Gillespie duk can suke taruwa bayan an tashi daga aiki.

A 1954 tana Faris, gajiya ta kai mata, ta bar kiɗa ɗungum. Ta rungumi ɗariƙar Katolika, ta shiga jinyar makaɗan da shan ƙwaya ya lalata. Sai a 1957 aka shawo kanta ta dawo.

A 1977 Jami'ar Duke ta jihar North Carolina ta gayyace ta ta koyar da tarihin jaz. (Sunan jami'ar ba shi da alaƙa da Duke Ellington, na wani gidan attajiran taba ne.) A ganina nan ne babban abin mamaki, domin sai a 1963 jami'ar ta fara ɗaukar baƙar fata a karatun digiri na farko. Watau shekara 14 kacal bayan haka, ga tsohuwa baƙar fata wadda ba ta yi jami'a ba tana tsaye gaban aji, in magana ta ƙi shiga sai ta zauna ta kaɗa musu su ji da kunnensu.

A 1978 ta yi kiɗa a fadar Shugaba Jimmy Carter. Ciwon daji ya kashe ta a garin Durham ran 28 ga Mayu, 1981, tana da shekara 71. A 1983 jami'ar ta buɗe wata cibiya ta al'adun baƙar fata, ta sa mata sunanta.