Joseph Fourier: marayan ɗan tela da lissafinsa ke rarrabe tashoshin rediyo

Duk mai murɗa rediyo a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai ya san yadda tasha ke shiga cikin wata har magana ta cuɗe. Ma'aikatan da ke binciken irin wannan matsala, kamar na hukumar ARCEP mai kula da rabon mitoci a Nijar, suna aiki da wata na'ura mai allo da ke nuna kowace tasha a gurbinta. Tunanin da na'urar ta ginu a kai ya fito ne daga wani Bafaranshe da ya rasu tun ba a ƙirƙiro rediyo ba, wato Joseph Fourier.

An haife shi ranar 21 ga Maris 1768 a garin Auxerre na ƙasar Faransa. Mahaifinsa tela ne. Kafin ya wuce shekara goma iyayensa duka biyu sun rasu. Ya samu shiga makarantar soja ta garin, wadda limaman Kirista ke gudanarwa, kuma a can ne hazaƙarsa ta lissafi ta bayyana. Da yake manyan muƙaman soja na ƴaƴan masu sarauta ne a lokacin, sai ya nufi aikin limanci a 1787. Bai kai ga kammalawa ba ya baro a 1789, shekarar da juyin juya halin Faransa ya ɓarke, ya koma koyarwa a garinsu.

Ya shiga harkokin juyin juya halin, kuma saura kaɗan su ci ransa. A 1794 aka jefa shi kurkuku, a zamanin da ake fille kan mutane da yawa. Faɗuwar Robespierre a watan Yuli na shekarar ce ta sa ya kuɓuta. Daga nan ya tafi Paris, ya zama malami a babbar makarantar Polytechnique.

A 1798 yana cikin masanan da suka bi Napoleon zuwa Masar, inda aka naɗa shi sakataren cibiyar bincike da Faransawa suka kafa a Alƙahira. Ya komo gida a 1801, a 1802 kuma Napoleon ya ba shi muƙamin perefe na yankin Isère, mai babban birni Grenoble. A nan ya jagoranci aikin busar da fadamun Bourgoin da gina hanya mai ratsa duwatsu zuwa Italiya. Ya kuma ƙarfafa gwiwar wani matashi, Champollion, wanda daga baya ya warware sirrin tsohon rubutun Fir'aunoni.

A tsakiyar wannan aikin mulki ne yake nazarin tambayar da ta dame shi: ta yaya zafi ke bin ƙarfe idan aka ɗumama gefe ɗaya? Don ya samu amsa sai ya kawo wata dabara. Ya nuna cewa duk wani motsi mai maimaita kansa, komai ruɗewar siffarsa, ana iya warware shi zuwa tarin motsi masu sauƙi, kowanne da saurinsa da ƙarfinsa, kamar yadda ake warware igiyar rama zare bayan zare. Kunnen ɗan Adam ma yana yin kusan haka: a wurin biki sauti ɗaya ne ke iso masa a cuɗe, amma yana rarrabe kalangu da algaita da muryar maroƙi.

Ya miƙa aikin ga majalisar masana ta Paris a watan Disamba 1807. Manyan malamai ba su gamsu ba, musamman Lagrange, wanda ya ga hujjar ba ta cika ba, don haka ba a buga aikin ba. Ya sake gyara shi ya ci gasar da majalisar ta sanya a 1811, duk da haka alƙalai suka haɗa kyautar da suka. Bayan faɗuwar Napoleon a 1815 ya rasa muƙami, har sai da wani tsohon ɗalibinsa ya sama masa aiki a ofishin ƙididdiga na Paris. An zaɓe shi cikin majalisar masana kimiyya a 1816, sarki Louis na 18 ya ƙi amincewa, sai a 1817 ya shiga. Littafinsa kan zafi bai fito ba sai 1822, shekara 15 bayan gabatar da shi na farko. A 1824 kuma ya yi rubutu kan yadda iskar da ke kewaye da duniya ke riƙe zafi, batun da ake komawa gare shi yau a maganar ɗumamar yanayi. Ya rasu a Paris ranar 16 ga Mayu 1830, yana da shekara 62. Sunansa na cikin sunaye 72 da aka rubuta a jikin hasumiyar Eiffel.

Sai wajen 1887 Bajamushe Heinrich Hertz ya tabbatar da samuwar igiyoyin rediyo, sannan aka ga dabarar Fourier ta dace da su. Abin da eriya ke kamawa cakuɗe ne na tashoshi da wayoyin salula da hayaniyar injuna. Na'urar tantance mitoci ita ke warware cakuɗen. Wasu na'urorin suna bin mitocin ɗaya bayan ɗaya, na zamani da yawa kuma suna yin lissafin Fourier kai tsaye, ta hanyar gaggawa da Cooley da Tukey suka wallafa a Amurka a 1965.

Karanta allon ba shi da wuya. Daga hagu zuwa dama mita ce ke ƙaruwa, daga ƙasa zuwa sama kuma ƙarfin sigina. Kowace tasha tana fitowa kamar tsini, hayaniya kuma tana kwance a ƙasa kamar ciyawa. Ma'aikaci yana fara zaɓen mitar da zai sa a tsakiya, sannan faɗin da yake son gani, misali daga megahaz 87.5 zuwa 108, inda tashoshin FM suke. Idan tashoshi biyu sun manne, sai ya ƙuntata matatar na'urar su rabu, sai dai hoton zai daɗe kafin ya fito. Babban abin kiyayewa shi ne kada a haɗa na'urar kai tsaye da injin watsa shirye-shirye ba tare da abin rage ƙarfi ba, don tana iya ƙonewa nan take.

A kan allon ne kuma ake ganin abin da Fourier ya hango. Idan injin tasha ya lalace yana gurɓata sigina, sai ƙarin tsini su fito a ninkin mitarta: tashar da ke kan 90 ta ɓullo a 180 da 270. Siginonin tashoshi biyu ma kan gauraya su haifi na uku a inda ba a so. Abin ba wasa ba ne, domin daga megahaz 108 zuwa 137, dab da FM, nan ne zangon da jiragen sama ke amfani da shi wajen sauka da magana da hasumiyar filin jirgi. Kunne zai ji ƙara kawai, amma allon na nuna daga wace mita ɓarnar ta fito, har a je a gyara injin.