Mamman Shata: Mawaƙin da Jami'a ta Karrama, Makarantar Firamare ta Manta da Sana'arsa

Duk wanda ya taɓa bi ta kasuwar Gujungu, a ƙaramar hukumar Taura ta Jihar Jigawa, da wuya a ce bai ji muryar Alhaji Mamman Shata tana tashi daga wata rumfa ko wata motar haya ba. Fiye da shekara 25 ke nan da rasuwarsa, amma har yau shi ne abokin tafiyar direba, abokin hirar ɗan kasuwa. Sai dai yaron da ke zaune a aji kusa da kasuwar zai iya gama firamare ba tare da an taɓa nuna masa yadda kalangu ke magana ba.

An haifi Shata wajen shekarar 1923 a Musawa, cikin ƙasar Katsina. Mahaifinsa, Ibrahim Yaro, bai so ɗansa ya zama mawaƙi ba, domin a wancan zamani kiɗa sana'ar gado ce, kuma ana yi masa kallon roƙo. Gidansu kuwa ba gidan makaɗa ba ne. Saurayin ya taɓa tallar goro, amma zuciyarsa na dandali, inda samari da 'yan mata ke wasa da dare. Can ya koyi daidaita murya da kiɗa, ya koyi jan amshi, ya gane abin da ke motsa taro. Babu malami, babu allo. Kunne da naci kawai.

Daga Musawa ya koma Bakori, daga baya ya zauna a Funtuwa, kuma ya yi zama a Kano. Da makaɗan kalangu da 'yan amshi a bayansa, ya shahara da tsara waƙa nan take a gaban jama'a. Ya yi wa sarakuna da attajirai waƙa, ya yi wa direbobi da manoma da sojoji. Ya yi Bakandamiya, wadda ake ɗauka a matsayin gagarumar waƙarsa. Da Amurkawa suka sauka a duniyar wata a 1969, ya yi waƙar kumbon Apollo 11, ya kai labarin kimiyya ƙauyukan da jarida ba ta zuwa. Yawan waƙoƙinsa ya gagari lissafi.

Masana suka fara gane abin da ke hannunsa. A 1975 Ɗandatti Abdulƙadir, wanda daga baya ya shugabanci Jami'ar Bayero ta Kano, ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiyana ta Amurka. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta. Gwamnatin Tarayya ma ta ba shi lambar yabo ta MON. Sana'ar da uba ya guje wa, ita ce ta kai ɗansa gaban shehunan malamai.

Ya rasu ranar Juma'a, 18 ga Yuni, 1999, aka yi masa sutura a Daura, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar. A 2006 aka wallafa tarihinsa mai suna Shata Ikon Allah, wanda Ibrahim Sheme ya jagoranci rubutawa.

A nan rayuwarsa ta bar mana tambaya. Makarantar da ta yaye Shata, wato dandali, ta kusa ƙarewa. Wayar hannu ta maye gurbin wasan dare, 'ya'yan makaɗa da yawa kuma sun kama wasu sana'o'i. Manhajar ilimin matakin farko ta ƙasa ta tanadi darasin fasaha da al'adu, wanda ya haɗa kiɗa da zane da wasan kwaikwayo, amma tanadi a takarda ba ya ɗaure ganga. Ana buƙatar malamin da ya san abin, da kayan kiɗa, da lokaci a jadawali.

Amfanin a fili yake. Hausa harshe ne mai karin sauti, kalangu kuwa hawa da saukar muryar mai magana yake kwaikwayo; yaron da ya koyi sauraronsa, harshensa yake ƙara sani. Amshi yana koyar da haɗin kai da jiran lokaci, waƙa kuma tana riƙe tarihi a ƙwaƙwalwa. Iyayen da ke tsoron lalacewar tarbiyya suna da hujjar da ya kamata a saurara, amma waƙar da malami ya tace a aji ta fi wadda yaro zai tsinta shi kaɗai a waya.

Shata ya samu dandali ya zama Shata. Yaron Taura mai irin baiwarsa, in aji bai buɗe masa ƙofa ba, ina zai je?