Bakwakwa, ɗan Bakatsiniya

An haifi Mahamman Gardo Bakwakwa wajen shekara ta 1824 a garin Jugu, arewacin ƙasar Benin ta yanzu. Jugu zango ne na fatake masu zuwa Gwanja sayen goro. Ubansa Musulmi ne, ɗan kasuwa. Uwarsa kuwa mutuniyar Katsina ce. Yana yaro aka sa shi makarantar allo, amma karatu bai zauna masa ba, sai ya koma koyon ƙira wurin kawunsa.

Da ya zama saurayi, aka yaudare shi, aka kama shi, aka sayar. Aka kora shi kudu har Wida, bakin teku. A 1845 jirgin bayi ya kai shi Barazil. Can ya yi bauta gidan wani mai gashin burodi, ya sha duka da yunwa. Daga baya wani mai jirgin ruwa ya saye shi.

A 1847 jirgin ya ɗauki gahawa zuwa Niyok, a Amurka. Tun 1827 aka hana bauta a jihar Niyok. A birnin akwai baƙar fata masu ƴanci. Ba su da bawa, ba su da ubangiji, amma ba su da kwanciyar hankali. Ana ƙyamar su wurin aiki da wurin karatu, kuma ɓarayin mutane suna sace su, su sayar a kudu. Don haka suka haɗa kai. Suka gina coci-coci da makarantu nasu, suka kafa ƙungiyoyin tsaron juna.

Masu ƙin bauta, baƙaƙe da farare, suka kai maganar Bakwakwa gaban alƙali. Alƙali ya ce a maida shi jirgi, aka ajiye shi gidan kaso. Cikin dare ya tsere. Aka yi ta miƙa shi hannu da hannu har Bostan, daga nan aka sa shi jirgi zuwa Hayiti, ƙasar da bayi suka ƙwaci ƴancinsu a 1804.

A Hayiti babu mai kiransa bawa, amma bai san harshen mutanen ba, bai san kowa ba. Ya sha wuya ƙwarai, har wani fasto mai suna Judd ya karɓe shi gidansa. A 1848 ya shiga addinin Kirista.

Ya komo Amurka, ya shiga wata babbar makaranta a jihar Niyok, daga 1850 zuwa 1853. Makarantar tana karɓar baƙi da fari, mace da namiji. Amma a 1850 aka yi doka mai tsanani ta kama bayin da suka gudu. A 1853 kuma taron farare suka tasar ma wani malamin makarantar, baƙar fata, don ya nemi auren baturiya. Shi ma Bakwakwa aka yi masa barazana.

Zama bai yiwu ba. A 1854 ya ƙetare zuwa Kanada, garin Catam, inda baƙar fata da yawa suka sami mafaka. Shekaran nan aka buga tarihin rayuwarsa da Ingilishi. Burinsa ɗaya ne: ya sami guzurin komawa ƙasarsa. A 1855 ya tafi Ingila. A 1857 yana can, yana neman hanyar gida.

Bakwakwa ya sami ƴanci cikin dare ɗaya. Wurin zama kuwa, shekara goma yana nema.

Tambayoyi

1. Daga wane gari uwar Bakwakwa ta fito?
2. Me baƙar fatar Niyok suka yi don su tsare kansu?
3. Don me Bakwakwa ya bar Amurka a 1854?
4. A taswira, ku bi hanya daga Birnin Lalle zuwa Maraɗi, da Katsina, da Jugu, har Wida.